Wa Ke Riƙe Da Makunni? Tarihin Ruwa, Iska Da Rana A Iyakar Jibiya

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wutar lantarkin da ake samu daga abubuwan da ba sa ƙarewa, wato ruwa da iska da hasken rana. Shi ne masana ke kira makamashi mai sabuntuwa. Idan aka ambace shi a rediyo, hankalinmu kan tafi tarukan ƙasashe a Turai, sai mu ɗauka zancen wasu ne can. Alhali duk wanda ya tsaya a Bugaje, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, yana tsakiyar labarin. Yamma da shi ga madatsar ruwan Jibiya. Kudu da birnin Katsina ga turakun iska na Lambar Rimi, gaba kaɗan ga Kankiya inda aka yi alkawarin babbar tashar sola. Arewa kuwa, bayan Magama da Ɗan Isa, ga Maraɗi, wadda wutarta daga Katsina take zuwa. Duk wuraren nan ba su wuce tafiyar yini guda ba.

Iyakar nan ba ƙasa biyu kawai ta raba ba. A lissafin Bankin Duniya, Najeriya na cikin ƙasashe masu matsakaicin samu, a matakin ƙasa na wannan rukuni, Nijar kuma na cikin masu ƙaramin samu. Wannan rabo yana da tasiri a kan irin bashin da kowace ke samu da irin sharuɗɗan da ake gindaya mata, kuma za mu dawo kansa.

Ruwa da iska da rana kyauta ce daga Allah, ba wanda ya taɓa sayen su a kasuwa. Amma kafin su zama hasken da yaro zai yi bitar karatu da shi, sai an amsa tambayoyi uku: na wane ne abin, wa zai biya, wa ke riƙe da makunni? Shekara sittin ke nan ana fama da waɗannan tambayoyi a yankinmu.

RUWA: CINIKIN KAINJI DA MADATSAR JIBIYA

An fara gina madatsar Kainji a kan Kogin Kwara a 1964, zamanin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da bashin Bankin Duniya da na wasu ƙasashe, aka kammala a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa. An tsara mata injina 12, aka kafa 8 masu ba da megawat 760. Mutum fiye da 40,000 aka tasa daga gidajensu, tsohon garin Busa ya nutse, aka gina Sabuwar Busa. Ke nan tun ranar farko akwai waɗanda suka biya da gonakinsu da kaburburan iyayensu, wasu kuma can nesa suka sha haske. Bayan Kainji aka yi Jebba a 1985 da Shiroro a 1990. Duk wanda ya ce makamashi mai sabuntuwa baƙon abu ne a Najeriya, ya manta cewa da shi aka yaye mu.

Sai dai kafin Kogin Kwara ya shigo Najeriya, sai ya ratsa Nijar. Idan Nijar ta tare shi, Kainji za ta ji a jikinta. Daga nan aka ƙulla ciniki. A 1976 aka fara tura wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, cikin shekarun 1990 kuma aka ja wani layin daga Katsina zuwa Gazawa, wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Jami'an Najeriya sun sha faɗa a fili cewa ana sayar wa Nijar wutar ne domin kada ta gina tata madatsar a sama. Ita kuwa Nijar tun shekarun 1970 take mafarkin madatsar Kandaji a yankin Tilaberi, mai megawat 130. Shugaba Mamadou Tandja ya aza harsashinta a 2008, kamfanin Rasha da aka ba aikin ya gaza, aka soke kwangilar a 2013, aka sake farawa a 2019 da wani kamfanin ƙasar Sin. Wutar maƙwabci mai araha na cikin abubuwan da suka sa ba a yi gaggawa ba.

A Jibiya kuwa sai abin ya juya: mu ne a sama, su ne a ƙasa. Kogin Gada yana tasowa daga Najeriya, ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, sannan ya lanƙwaso ya dawo ya haɗu da Rima. Da aka tare shi da madatsar Jibiya, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 142, manoman fadamar Maraɗi suka koka cewa ruwan da ke isa gare su ya ragu. A Yulin 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka yi tarayya a kai, har da Gada.

To, mu da muka tare ruwan, me muka yi da shi? An tsara noman rani na kusan hekta 3,500 a ƙarƙashin hukumar kula da kogunan Sakkwato da Rima. Amma mafi yawan filin yana sama da inda ruwa zai gangara da kansa, sai an tura shi da manyan famfuna, su kuma famfunan sai da man dizal. Duk shekarar da kuɗin mai bai fito daga gwamnati ba, sai ruwa ya kwanta yana kallon gona, gona na kallon ruwa. An amsa tambayar wa zai gina, ba a amsa ta wa zai riƙa biya duk shekara ba.

ISKA: LABARIN LAMBAR RIMI

Shekarar 2005 muhimmiya ce a wannan tarihi. A cikinta aka yi dokar gyaran fannin lantarki wadda ta share hanyar wargaza NEPA, ta kuma samar da hukumar kai wuta karkara. A cikinta Hukumar Makamashi ta Ƙasa ta fitar da babban tsarinta na makamashi mai sabuntuwa. A cikinta kuma Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda malamin kimiyyar sinadarai ne kafin ya shiga siyasa, ya ɗauko tunanin kafa tashar lantarki mai aiki da iska a Lambar Rimi, cikin ƙaramar hukumar Rimi. Tunanin yana da tushe, domin Katsina na cikin sassan Najeriya da iska ta fi kaɗawa.

Da ya zama shugaban ƙasa a 2007, sai aikin ya bi shi ya koma hannun gwamnatin tarayya. Aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangilar kafa turaku 37, kowanne mai tsawon mita 55 da fiffike biyu, kowanne mai ba da kilowat 275, jimilla kimanin megawat 10. Shugaba 'Yar'aduwa ya rasu a Mayun 2010, aikin ya zama maraya. Ga jihar da ta haife shi ta sake shi, ga ma'aikatar da ta karɓe shi tana Abuja, ba wanda zai hau kujera ko ya sauka saboda shi.

Ranar 19 ga Disamban 2012 'yan bindiga suka kai hari gidan ma'aikatan kamfanin a garin Rimi, suka kashe mutum biyu, suka tafi da injiniya Francis Collomp. Ƙungiyar Ansaru ta ce ita ta yi, ta kuma danganta abin da matsayin Faransa kan rikicin Mali. Sai a Nuwamban 2013 ya kuɓuce musu a Zariya, bayan wata goma sha ɗaya. A tsakanin nan aiki ya tsaya cak. Ku duba yadda rikicin da ke arewacin Mali ya hana fanka juyawa a ƙasar Rimi.

Daga nan sai sa rana da ɗage rana. Ministocin lantarki suka yi ta sauyawa, kowanne da ranar kammalawar da ya ambata, kaya na lalacewa a fili, wasu ana sacewa. Bayan kusan shekara ashirin, sai ga gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa tana neman a maido wa jiha da tashar domin ta farfaɗo da ita. Abin ya zaga ya dawo inda ya faro.

Don mu gane girman asarar, mu leƙa maƙwabta. Senegal ta fara gina tashar iska ta Taiba Ndiaye a 2018, mai megawat 158, ta buɗe ta a 2020. Kenya ta yi ta Tafkin Turkana mai megawat 310 da turaku 365. Ita ma ba ta tsira daga siyasa ba, domin an gama turakun a 2017 amma layin da gwamnati ta ɗauki nauyin ja bai iso ba sai 2018, har sai da ta biya tarar jinkiri. Bambancin shi ne a can akwai mai kuɗin da ya zuba dukiyarsa, da yarjejeniyar da ta sa jinkiri ya zama asarar wani takamaimai. A Lambar Rimi jinkiri bai taɓa cizon aljihun kowa ba, sai na talakan da ke jiran wuta.

RANA A KAN TAKARDA

A 2015 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan makamashi mai sabuntuwa, aka biyo da buri mai daɗin faɗi: megawat 30,000 kafin 2030, kashi 30 cikin ɗari daga abubuwa masu sabuntuwa. A Yulin 2016 kamfanin gwamnati mai sayen wuta a dunƙule, NBET, ya sa hannu da kamfanoni 14 domin su gina tashoshin sola masu jimillar megawat 1,125, akasarinsu a Arewa. Ɗaya daga ciki shi ne Pan Africa Solar, mai shirin megawat 75 a Kankiya. Farashin da aka amince shi ne senti 11.5 na dalar Amurka kan kowane kilowat na awa guda.

Ko ɗaya ba a gina ba. Dalilin yana buƙatar a bi shi a hankali, domin shi ne zuciyar siyasar. Mai gina tashar sola kusan duk kuɗinsa a farko yake kashewa, kuma bashi ne na dala. Banki ba zai ba shi ba sai ya ga wanda zai sayi wutar shekara ashirin. Mai sayen shi ne NBET, shi kuma yana sayar wa kamfanonin rarraba wuta da aka miƙa wa 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, irin su KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa. Kamfanonin rarrabawa ba sa biyan cikakken kuɗin wutar da suka karɓa, suna cewa farashin da aka ƙayyade musu bai kai ba, kuma jama'a ba sa biya. Jama'a na cewa ba za su biya kuɗin duhu ba. Don haka bankuna suka ce sai gwamnatin tarayya ta tsaya a matsayin lamuni. Ma'aikatar kuɗi ta noƙe, domin ta riga ta ba da irin wannan lamuni ga tashar iskar gas ta Azura a Jihar Edo, ta kuma ga nauyinsa, ga naira ta faɗi a wannan shekarar.

Ana cikin wannan jan-in-ja sai farashin sola ya karye a duniya. A 2016 ɗin nan Zambiya ta yi gwanjo a buɗe ta samu tayin kusan senti 6. Gwamnatinmu ta ce to a rage zuwa senti 7.5, yawancin kamfanonin suka ce lissafinsu ba zai fita ba. Zambiya ta buɗe tasharta a 2019, mu kuwa muka tashi da takarda. Abin da aka iya ginawa a Arewa shi ne wanda gwamnati ta nemo kuɗinsa da kanta, kamar megawat 7.1 na Jami'ar Bayero a 2019 da megawat 10 na Kumbotso a Kano a 2023.

A nan matsayin matsakaicin samu ke shigowa. Ƙasa irin tamu ana ganin ta yi ƙarfin da ba za a riƙa yi mata kyauta ba, amma ba ta yi amincin da za a ba ta bashi mai sauƙin ruwa ba. Ga kuma arzikin ƙarƙashin ƙasa da ke da masu kare shi. Afirka ta Kudu ta fara gwanjon sola da iska a 2011, ta yi nisa, sai kamfanin Eskom mai dogaro da kwal ya ƙi sa hannu kan sababbin yarjejeniyoyi daga 2016 har zuwa 2018. Maroko, wadda ba ta da man fetur ɗin da za ta kare, ta kafa hukuma guda a 2010 ta damƙa mata aikin, ta buɗe kashin farko na tashar Noor a Warzazat a 2016. Mu namu iskar gas ce. A taron Glasgow na 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawarin kaiwa ga daidaiton hayaƙi a 2060, a lokacin da ake shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Mataimakinsa Yemi Osinbajo ya yi ta jayayya cewa ba adalci ba ne ƙasashen da suka yi arziki da kwal su hana Afirka bashin gas. A wancan taro aka yi wa Afirka ta Kudu alkawarin dala biliyan 8.5 don ta rage kwal, daga baya aka yi wa Indonesiya da Biyetnam da Senegal makamancinsa. Najeriya ta fitar da nata tsarin a 2022, ta ce tana buƙatar ƙarin dala biliyan 10 duk shekara, ba ta samu irin wancan alkawari ba.

RANAR DA AKA KASHE MAKUNNI

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakar Jibiya, a farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga rabon wuta. Asibiti da mai sayar da ƙanƙara da mai walda a Maraɗi, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, su suka ɗanɗana. Yawancinsu 'yan uwanmu ne na jini da aure. Cinikin da aka ƙulla tun 1976 ya nuna ainihinsa: zanen aro ba ya rufe katara.

Makonni uku kafin juyin mulkin, Bazoum ya ƙaddamar da tashar sola ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, wadda Faransa da Tarayyar Turai suka ba da kuɗinta. Sojojin da suka kori Faransa su suka kunna ta a Nuwamban 2023, ta rage musu zafin takunkumi. Aikin Kandaji kuwa ya tsaya saboda kuɗin waje sun ƙafe. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a Maris, wuta ta koma. Amma darasin ya riga ya zauna. Duk wanda zai mulki Nijar nan gaba zai kalli sola da Kandaji a matsayin maganar 'yanci, kuma ranar da Kandaji ta tsaya da ƙafarta, masu kula da Kainji da Jebba za su sake lissafi.

Mu ma ba mu daɗe ba muka ɗanɗani namu. A Oktoban 2024 layin Shiroro zuwa Kaduna yana lalace sakamakon ɓarna, sai layin da ke hawowa ta Binuwai shi ma ya faɗi. Mafi yawan jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Yankin da ya fi ko'ina rana a Najeriya ya gane cewa haskensa na rataye ne a kan waya ɗaya ko biyu masu ratsa dajin da ma'aikata ke tsoron shiga.

RANA A KAN RUFI

Yayin da manya ke ta sa hannu, mutanen iyaka wani tarihin suke rubutawa. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mai janareto a Jibiya ya koma sayen mai a galan da tsada. A 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da mai a jarka, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da Jibiya, aka kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya fi shafa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024.

Kowane ɗaya daga cikin matakan nan an ɗauke shi ne don wani dalili daban, ba don sola ba. Amma a haɗe sun yi wa sola tallan da manufar 2015 ba ta yi mata ba. Ga kuma masana'antun ƙasar Sin sun karya farashin faranti. Sai ga shi a kan rufin shago da masallaci da ɗakin shan magani, ga shi a bakin rijiyar burtsatse, ga mai noman rani ya jingine injin fetur ya sayi famfon sola. Ba mu kaɗai ba ne. Pakistan ta shigo da faranti na kusan megawat 17,000 a 2024 kaɗai, yawanci mutane ne da kuɗinsu, Najeriya kuma ta zama ta biyu a Afirka wajen sayen farantan Sin, bayan Afirka ta Kudu.

Kada mu yi saurin guɗa, domin wannan ma da tasa siyasar. Faranti da batir da inbata sai mai hali. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin farko zuwa naira 225 a Afrilun 2024, masu ƙarfi ke ta zare jiki daga wutar gwamnati, har Fadar Shugaban Ƙasa aka ware wa naira biliyan 10 a 2025 don a sa mata sola. Idan masu biya da yawa suka fice, wa zai ɗauki nauyin gyaran taransifomar unguwa? A 2025 ɗin kuma ministan kimiyya ya furta shirin hana shigo da faranti domin a ƙarfafa masu haɗa shi a gida. Burin yana da kyau, amma idan aka rufe ƙofa kafin na gida ya wadata, mai famfo a fadama ne zai biya, kuma mutanen iyaka sun fi kowa sanin abin da hani ke haifarwa.

DARASIN ITACEN MARAƊI

Akwai makamashi mai sabuntuwa da ya girmi duk waɗannan, wato itacen girki, wanda har gobe da shi yawancin gidajenmu ke ɗora tukunya. Dokar gandun daji da Nijar ta gada daga Faransa ta mai da itatuwa mallakar hukuma, ko da a gonarka suka tsiro. Manomi ya ga itacen da ba nasa ba ne, wanda zai iya jawo masa tara, sai ya riƙa sare shi tun yana toho. An yi ta dasa itatuwa da kuɗin agaji suna mutuwa. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman karkarar Maraɗi, suka fara renon tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture maimakon dasa sabo, abin da aka sani da sassabin zamani. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata gawon da ya rena nasa ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Ba tashar da aka ƙaddamar, ba kwangilar da aka bayar. Tambayar farko kawai aka amsa, ta na wane ne abin.

Wannan tambaya ita ce a gabanmu yanzu. A Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, a Yuni aka sa hannu kan sabuwar dokar lantarki, jihohi suka samu ikon samar da wuta da rarraba ta da kansu. A Disamban shekarar Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 750 don kai sola ga mutum miliyan 17.5 ta hannun hukumar kai wuta karkara, ciki har da ta ƙananan tashoshin da ke ciyar da gari guda ko biyu. Makunni ya matso kusa da mu fiye da kowane lokaci tun 1968. Ko zai tsaya a Katsina, ko zai ƙaraso Bugaje, ya danganta da abubuwan da ba a cika faɗa ranar bikin buɗewa ba: wa zai sayi sabon batir bayan shekara biyar, wa zai yanke farashi, gun wa za a kai ƙara idan wuta ta ɗauke, kuma wa zai tsare faranti a garin da mutane ke gudun hijira.

A nan aikinmu yake, 'yan uwa. Labarin ƙaddamarwa yana da masu rubuta shi, ana kuma biyan su. Labarin shekara ta biyar bayan ƙaddamarwa shi ne ba shi da marubuci. Dattijon da ya ga ranar da aka tare Gada yana nan da rai. Manomin da ya ba da gonarsa a Lambar Rimi yana nan. Matar da ta rasa jarin ƙanƙararta a Maraɗi a daminar 2023 tana nan. Mu je mu zauna da su, mu rubuta shekara da adadi daidai, mu rubuta da Hausar da za su gane idan an karanta musu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tambaye shi. Wanda garinsu ke da burtsatsen sola ko fitilun titi da suka mutu, ya binciko mana shekarar da aka kafa su, da wanda aka ce zai riƙa gyarawa, ya kawo mu tattauna. Allah Ya ba mu zaman lafiya a iyakokinmu, Ya kai mu mako mai zuwa.